Amsar da Kika Rubuta a Ankara

Akwatialine, Kumashi.

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, Ya tsare ki a sama Ya tsare ki a ƙasa, Ya sa ki tarar da mijinki Abdul-Basit cikin ƙoshin lafiya, Ya haɗa ki da maƙwabta nagari a Ingila, ƙasar da ba ki san kowa ba sai shi. Amin.

Zan cusa miki ita ne tsakanin kwalbar shito, miyar barkonon nan tamu, da ƙullin yaji, don na san halinki. Zannuwa za su yi sati biyu a akwati ba ki ɗaga su ba, amma yaji a ranar da kika sauka za ki neme shi. Kada ki sa ran labari a ciki. Ina rubutun nan ke kina can Tafo kina sallama da gwaggonninki, ba abin da ya faru a gidan nan da ba ki sani ba. Abu ɗaya ne kawai ba ki sani ba, shi ne kuma dalilin takardar. Sau uku na buɗe baki in gaya miki ido da ido, sau uku na ƙare da tambayarki ko kin sa rigar sanyi a jaka.

Kin tuna ranar da muka hau mota daga Kumashi zuwa Ankara, babban birnin ƙasa, don hoton ƙirjin da suka ce sai an yi kafin a ba ki biza? Muna zaune a benci kina cike fom, kina fassara mini tambayoyin kina dariya. Kika zo kan wata kika ce, "Mma, wai ko an taɓa yin tarin fuka a gidanmu?" Na ji ki sarai. Sai na hau laluben jakata kamar na yar da wani abu, na ce miki ki yi sauri layi na tafiya. Kika rubuta a'a.

Rukayya, amsar e ce. Babanki ya yi tarin fuka kina da shekara uku, ɗaki ɗaya muke kwana mu uku, kuma ba a taɓa gwada ki ba. Ke ba ki yi ƙarya ba, abin da kika sani kika rubuta. Ni ce na yi shiru.

Hotonki ya fito fes, na yi ta hamdala har Kumashi. To amma na ji mijinki a waya yana ce miki in kin je kin yi rajista a asibitin unguwarsu, sukan kira sababbin zuwa su yi musu gwajin jini na wannan ciwo, ba dole ba ne, sai wanda ya ga dama. Na kuma ji kin ce, "Me zan je yi? Ni da hotona ya fita." Wannan maganar taki ce ta hana ni sakat. Ina so ki je gwajin nan, kuma in sun sake yi miki tambayar Ankara ki ba su amsar gaskiya. Iyakar abin da nake nema ke nan. Sauran abin da ke cikin takardar kurakuran uwarki ne, ki karanta ki yi dariya inda ya kamata, ki ɗauki abin ɗauka.

Bari in fara da yatsana, tunda shi kin san rabinsa.

Kin tashi kin gan ni ina sayar da fura da nono a tashar Tafo. Furar da ba ƙanƙara a rana irin ta tasha ba mai waiwayarta, don haka kullum da safe sai na fasa dunƙulen ƙanƙara da hannuna. Wata rana ina cikin fasawa na ji wani abu ya soke ni a ƙarƙashin farcen yatsan zobe na hagu, kamar an cusa allura. Na duba, ba jini, ba kumburi, ba komai. Na ce ƙila tsinke ne. Tsinken nan ya zauna tare da ni shekara tara.

Ciwo ne mai abin mamaki. In ba a taɓa wurin ba lafiyata lau, har in manta. Amma ruwan alwalar asuba ya zuba a kai, ko bakin ƙwarya ya ɗan goge shi, sai in ji har cikin ƙwaƙwalwata. Kin sha ganina na dafe hannu a hammata ina salati, kika ɗauka zafin kasuwa ne. Mma Adiza, tsohuwar da ɗakinta ke kallon namu, ta ce ɗan-karkare ne, wanda Asantawa ke ce wa kaka. Ta sa na huda lemun tsami na cusa yatsan a ciki, na yi kwana uku ina yawo da lemo a hannu kamar wadda aka yi wa sarauta. Na tsoma a ruwan zafi da gishiri, na ɗaura tafarnuwa, an yi mini tofi. Da duk suka ƙi, sai aka fara raɗa mini cewa ɗan-karkare ba ya shekara bai fashe ba, wannan hannu ne aka sa. Ni kuma na waiga na ga wata baiwar Allah da ta kafa ƙwaryar furarta kusa da tawa a tasha, na ɗora mata. Ban taɓa ce mata uffan ba, amma na yi shekara biyu ina amsa gaisuwarta da hanci. Har ta tashi daga tashar ba ta san laifinta ba, ban kuma san inda take ba yau balle in nemi gafara. Can inda za ki, in wani abu ya same ki, ki fara neman dalilinsa a jikinki kafin ki neme shi a fuskar mutane. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya, balle nawa da bai zama ba.

Kada ki ce ban je asibiti ba. Na je har sau biyu, kuma abin da ya faru a can shi ne abin dariyar. Zuwan farko likita ya ba ni ƙwayoyi ya ce in dawo bayan sati biyu. Na dawo. Ba ya jin Hausa, ni kuma Asantancina na ciniki ne, sai aka kira wata mai shara ta yi mana tafinta. Ya ce a tambaye ni yaya hannun. Ke kin san amsar da uwarki za ta bayar. Na ce, "Da sauƙi." Matar nan ta juya ta gaya masa ta ce ya yi sauƙi. Ya yi murmushi, ya rubuta, ya sallame ni. Na fito bakin titi ina jiran trotro, motar hayarmu, iska ta bugi yatsan, na tsaya ina hawaye ina mamakin likitan da bai san aikinsa ba.

Mu haka aka rene mu. Mutum yana kwance ba ya iya ɗaga kai, a ce masa ya jiki, ya ce da sauƙi. Kuma abu ne mai kyau, godiya ce ga Allah, ba na so ki bar shi. Amma amsar masu zuwa dubiya ce. Wadda ta koya mini bambancin wata likita ce 'yar Tamale, yarinya ƙarama, da kyar ta girme ki yanzu. Babanki ne ya gaji da ganina ina alwala da ruwan ɗumi kamar mai jego, ya ɗauke ni ya kai ni babban asibiti. Ta ce, "Mma, yaya hannun?" Na ce da sauƙi. Ta ajiye alƙalami ta dube ni ta ce, "Mma, ba gaishe ki nake yi ba, tambayarki nake yi."

Wallahi sai na ji kunya ta kama ni, sannan bakina ya buɗe. Na gaya mata ƙanƙara, na gaya mata alwala, har lemun tsamin ban ɓoye ba. Ta ɗauki kan allura mai ƙulli tana dannawa a kan farcen kaɗan-kaɗan, nan ba komai, nan ba komai, ta zo wani wuri guda na yi tsalle na kusa kifar da teburinta. Ta sa aka kawo ruwan sanyi na tsoma, na sake yin ihu. Ta juya yatsan a gaban fitila ta yi ta dubawa, sannan ta ce, "Wannan lallen, yaushe rabon farcenki da shi?"

Yaushe kuwa? Tun ina budurwa ban taɓa barin farcena fari ba. A Zongo wata ba ya wucewa ba biki ko suna, kuma mai sayar da fura hannunta ne tallarta. Lalle a kan lalle, har farcen ya koma kamar goron da aka tauna. Ta ce in bar shi ya tsiro ba lalle, in dawo. Wata uku na yi da farce tsirara. A cikinsu aka yi bikin 'yar gwaggonki, mata suna kallon hannuna suna tambaya a asirce ko lafiya tsakanina da babanki. Da sabon farce ya hau, sai ga wani ɗan tabo shuɗi-shuɗi a ƙarƙashinsa, daidai wurin da na yi tsalle. Shekara tara yana nan, ni ce nake shafe shi da hannuna duk sati biyu.

Ta ce wani ɗan ƙari ne yake tsirowa a ƙarƙashin farce, ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma ba kasafai ake ganinsa ba, shi ya sa ake ɗaukarsa ɗan-karkare. Suka kashe yatsan da allura, suka ɗaga farcen, suka ciro shi. Na ce a nuna mini. Rukayya, bai kai ƙwayar dawa ba. Na dube shi na ce, "Kai ne?" Ma'aikatan ɗakin suka yi ta dariya. Da ya warke, ranar da na fara fasa ƙanƙara ban ji komai ba, sai da na zauna a kan benci na yi kuka don daɗi. Farcen ya ɗan karkace har yau, ba ya kuma damuna.

To ga abin da nake so ki riƙe. Ki yi kwalliyarki, mijinki ya gani ya ji daɗi, lallen da aka zana miki na sallama ma ya yi kyau ƙwarai. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kin shiga ɗakin likita ki bar kunya da kawaici a bakin ƙofa tare da lema, in kin fito ki ɗauki abinki. Ki faɗi inda yake ciwo, tun yaushe, me yake tayar da shi. In aka haɗa ki da tafinta, ki kula da abin da kike ba shi ya kai. Turancinki ya fi nawa nesa ba kusa ba, amma na lura ko da Turanci kike magana, in an tambaye ki jiki irin amsata kike bayarwa.

Yanzu sai babbar maganar.

Babanki yana tuƙa trotro tsakanin Tafo da cikin gari a lokacin. Ya fara tari, muka ce hayaƙin mota ne. Ya fara rama, muka ce azumi ne bai sake shi ba. Yana tashi da safe rigarsa sharkaf da gumi, na ce ɗakin ne ba iska, amma ban buɗe taga ba, don a tunanina sanyi ne ya kama masa ƙirji, iska kuwa ƙara shi za ta yi. Har tsumma na cusa a ramin tagar. Duk wanda ya tambaya, da sauƙi. Wata huɗu muna haka, kina kwance a tsakaninmu. Ranar da ya tofa na ga jini a ciki, ranar muka tafi asibiti.

Ba mu je na kusa ba. Muka tsallake gari muka tafi wani can Atonsu, inda ba ɗan Zongo da zai gan mu a layi. Suka gwada majinarsa suka faɗi sunan ciwon. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, babanki ya ce, "Salamatu, kada in ji kalmar nan a bakin kowa." Ni ma abin da ke raina ke nan. Kin san yadda ake kallonsa a lokacin. Asantawa suna ce masa nsamanwa, tarin fatalwa, wai mai shi ya riga ya sa ƙafa ɗaya a kabari. Namu kuma ba sa faɗa, sai dai ka ga an janye tabarma. Ni abinci nake sayarwa, da hannu nake dama shi. Wa zai sha furar matar mai tarin fuka? Shi kuma wa zai shiga motarsa? Muka ce wa mutane asma ce, ke ma da kika girma abin da muka gaya miki ke nan.

A asibitin akwai wata nas, Anti Akosua, doguwa mai faɗa, ta iya Hausa irin tasu ta ba ruwanka da mace ko namiji. Ita take ba babanki magani a hannu kullum ta tsaya sai ya haɗiye, ta kuma yi masa allura. Ta tambaye ni ko akwai yara a ɗakin. Na ce akwai guda. Ta ce, "Maame, yarinya ɗin nan, kawo shi. Za mu duba shi, mu ba shi magani, ko ba ya tari." Na ce to. Bayan sati ta sake cewa, "Ina yarinya? Ba ka kawo shi ba." Na ce kina wurin kakarki a ƙauye. Kina nan gida kina wasa da murfin kwano.

Me ya hana ni? Na yi shekaru ina ba kaina amsoshi masu kyau. Na ce an yi miki allurar rigakafi da aka haife ki, ga tabonta a kafaɗarki. Na ce ga ki ɓul-ɓul, ko mura ba kya yi. Gaskiyar ita ce na ji tsoro a gan ni da goyo ina zarya Atonsu a fara lissafi. Na fifita ƙwaryar fura a kan ƙirjinki. Na rubuta wannan na ajiye alƙalami na ɗan zaga tsakar gida kafin in dawo, don ban taɓa faɗa wa kaina shi ƙarara haka ba.

Abin da na yi maimakon haka shi ne na ware wa babanki kofi da kwano da cokali, na ɗaura wa kofin jan zare. Kin tuna dukan da na yi miki ranar da kika sha ruwa da shi? Na ce miki kofin manya ne. Ina gadin kofi kamar soja, taga kuwa a toshe. Sai daga baya na ji cewa ba ta kofi yake bi ba, ta iskar ɗaki yake bi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. An ce ƙasar da za ki ɗakunansu a rufe suke ruf saboda sanyi. Ki riƙa buɗe taga ko na ɗan lokaci ne, ki sa rigar sanyi biyu in ya kama. Kuma in aka ce ki kawo ɗanki a duba, in Allah Ya ba ki, ki kai shi ko duniya za ta taru ta kalle ki.

Allah Ya rufa mana asiri. Babanki ya sha maganinsa wata da watanni bai tsallake rana ba, wannan kam na ba shi. Ya warke sarai, ya koma motarsa, ya tuƙa ta har ya gaji ya sayar. Ke kika girma ba ki taɓa kwanciya asibiti ba. Ni na ci gaba da fura har na aurar da ke a cikinta. In na dubi rayuwata ba abin da zan ce sai alhamdu lillahi. Na ɗauka maganar ta mutu, sai da kika karanto mini tambayar nan a benci.

Da muka dawo daga Ankara na kasa zama. Na shiga trotro na tafi Atonsu neman Anti Akosua. Ta yi ritaya, aka nuna mini gidanta, na same ta a ƙofa tana ɓare gyaɗa, ta tsufa amma bakin yana nan. Na tuna mata ko ni wace ce, na gaya mata komai. Ta dube ni ta ce, "Ei, Maame! Yarinya ɗin da yake ƙauye? Yanzu ne ya dawo?" Na rufe fuska da gyale.

Ta zaunar da ni ta yi mini bayani, ga shi kamar yadda na fahimta. Ciwon nan yana iya shiga jikin mutum ya kwanta barci shekara da shekaru. Mai shi ba ya tari, ba ya rama, ba ya sa wa kowa, kuma hoton ƙirji ba lalle ya nuna shi ba, sai gwajin jini. Da yawa har su mutu da tsufa bai farka ba. Amma yakan farka in jiki ya yi rauni, kamar bayan haihuwa, ko wata doguwar jinya, ko wahalar baƙunta. Allurar kafaɗa tana taimakon yaro, amma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya. Ta ce mai yiwuwa ma ba ki ɗauka ba sam, a gwada a ga ba komai, ki dawo gida ki ci abincinki. In kuwa an same shi yana barci, ƙwayoyi ne na 'yan watanni, a gama da shi tun bai buɗe ido ba.

Na tambaye ta abin da ya rufe mini baki a Ankara, na ce ba za su koro ki ba? Ta yi tsaki ta ce, "Don ciwo da yake barci? Dabi, a'a. Magani za su ba shi. Kai dai tsoro ya yi maka yawa." Ta ƙara da cewa in gaya miki ki faɗa musu yadda abin yake, cewa ba ki sani ba sai yanzu, iyayenki ba su gaya miki ba. Ta cika mini leda da gyaɗa, ta ce in na sake ɓoye wani abu kada in zo mata gida.

Ki gaya wa mijinki. Na san amarya ba ta son ta buɗe akwati ta fara fito da ciwon gidansu, amma yaron kirki ne, kuma gara ya ji daga bakinki da ya ga takardar asibiti a kan tebur. In ya ɓata rai, ki ba shi waya in yi magana da shi, laifin ba naki ba ne. In ke kika yi fushi da ni, ki yi, kina da gaskiya. Ki yi fushinki a hanyar asibiti.

Na ɗauka nan zan tsaya in sa hannu, sai wani abu ya faru ɗazu, dole in ƙara takarda.

Na ga bai kamata in fitar da sirrin mutum ba da saninsa ba. Da babanki ya dawo daga la'asar ya zauna a kujerarsa a ƙofar ɗaki, na jawo kujera 'yar tsugune na karanta masa, murya ƙasa-ƙasa, don tsakar gida cike take da mata ana girki. Ya yi dariya a wurin lemun tsami. Da na iso Atonsu ya daina. Na gama ya ci gaba da jan carbi har na fara tunanin zai ce in yaga. Sai ya ce, "Kin ɗora wa kanki duka. Ni na ce kada a faɗa. Rubuta wannan." Ga shi na rubuta. Ya ce, "Kuma gaya mata in likitan ya tambaya wane ne, ta ce ubana ne, yana nan da ransa, malmala uku yake ci."

Na ce ya rage murya ana jinsa. Kin san babanki in an ce ya rage. Ya ɗaga kai ya ce, "A ji mana! Shekara ashirin da wani abu ina cewa asma. Tarin fuka na yi, na sha magani, Allah Ya ba ni lafiya!"

Har mai daka a tsakar gida ta tsaya da taɓarya a sama. Ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Mma Adiza tana bakin murhunta tana tuƙa tuwo, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, yau ka sani? Mu tun kana zuwa Atonsu muka sani. Mai asma ba ya fita kullum da sassafe ya dawo da auduga a hannu."

Na ce, "Mma Adiza, kun sani, kuma kuna shan furata?"

Ta ce, "To mu bar ku da yunwa? Ciwo ai ba shi ya saya ba. Mun ga kuna son a yi shiru, muka yi muku shiru."

Matan suka koma girkinsu kamar ba a yi komai ba. Babanki ya yi ta dariya har da tari, irin na tsufa, kada ki tsorata. Ni ban yi dariya ba. Na zauna ina kallon ƙofar ɗakin da kika girma a ciki, ina lissafa mutanen gidan nan ɗaya bayan ɗaya, da na tasha, da gwaggonninki da kike can kina yi wa sallama. Duk ɓoyon da na yi, mutum ɗaya tak na iya ɓoye wa, ita ce kuma kaɗai wadda sanin zai amfana.

Ki yafe mini, 'yata. Ki je a satin farko.

Allah Ya tsare mini ke a inda idona ba ya kaiwa, Ya sa abin da za su gani a jininki alheri ne, in akwai wani abu Ya sa maganinsa ya karɓe ki. Ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, Ya ba ku zuriya mai albarka, Ya sa mu sake ganawa muna masu rai da lafiya. Babanki yana sa miki albarka, mutanen gida duka suna gaishe ki.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki,
Salamatu.